Ciwon Hanjin Crohn: Samun Sauƙi Daban, Warkewa Daban

Ga rubutaccen shirin wannan makon, musamman don waɗanda data ta hana su saurare.

Yau maganar ciwon ciki za mu yi. Za ka ga matashi ya yi wata uku yana gudawa, ciki na murɗa masa, yana ta ramewa, kullum a gajiye. Me ake cewa? "Taifod ne." In aka ga jini a bayan gida kuma, "ai basir ne." Daga nan sai kemis, sai mai maganin gargajiya. To jama'a, akwai wata cuta da ke zuwa da waɗannan alamomin, sunanta cutar Crohn.

Sunan wani likita ne ɗan Amurka, Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa biyu suka yi bayaninta a 1932. Abin da ke faruwa shi ne garkuwar jiki ta rikice ta dinga haddasa kumburi da gyambo a hanyar abinci. Tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, amma ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji. Kuma yawanci tana fara bayyana ne a samartaka da ƙuruciya, wato mu ɗin nan. Ba a ɗaukarta daga wani, don haka babu dalilin ƙyamar mai ita.

Ta yaya ake gane ta? Gwajin jini, gwajin bayan gida, sannan likita ya zura siririn bututu mai kyamara ya duba hanjin, ya ɗebo ɗan nama a auna. A nan ku saurara da kyau. Tibi na hanji yana kama da Crohn sosai, kuma tibi na nan da yawa a wurarenmu. Magungunan Crohn suna rage ƙarfin garkuwar jiki, in aka ba mai tibi su, ciwonsa ƙaruwa zai yi. Shi ya sa likita yake fara gwada tibi kafin ya rubuta su. Kada ka ga kamar ɓata lokaci ne.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya. Har yau ba a samu maganin da ke kawar da Crohn gaba ɗaya ba. Ciwo ne mai tashi ya kwanta. In ya tashi, akan ba da irin su prednisolone na ɗan lokaci don kashe wutar. In ya kwanta, akwai su azathioprine, ko allurai irin su infliximab da adalimumab, aikinsu su hana shi dawowa. Kuskuren da ake yi shi ne mutum ya ji sauƙi ya ce ya warke, ya ajiye magani. Kumburin yana iya ci gaba a ɓoye, har hanji ya tsuke ko ya huje, sai an kai ga tiyata. Prednisolone ma ba a yanke shi lokaci guda, a hankali likita ke rage shi.

Sai abin da ke hannunka. Na farko, sigari. Tana tsananta Crohn, a bar ta kawai. Na biyu, magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da muke saye kamar alewa, suna iya tayar da ciwon. Tambayi likita abin da ya dace da kai. Na uku, abinci. Babu jadawali ɗaya da ya dace da kowa. Samu ɗan littafi ka dinga rubuta abin da ka ci da yadda cikinka ya karɓe shi. Wani yaji ne ke tayar masa, wani madara, wani wake. Ka ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ka sha ruwa sosai lokacin gudawa. Amma kada tsoro ya sa ka daina cin komai, domin ƙarancin jini na yawan kama masu wannan ciwon.

In ka ga zazzaɓi mai zafi, amai ba tsayawa, ciki ya kumbura, ko jini da yawa, asibiti kai tsaye.

Mu kuma abokai, mutumin da ke tashi zuwa banɗaki sau shida a lakca ba abin tsokana ba ne. Kunya ce ke sa da yawa su yi shiru har abu ya yi nisa.

Ku tura wa wanda kuka san yana fama da ciki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.