Wurin kakanninmu da tekun Indiya: jawabin yaye ɗalibai a Gazawa

 

Kowa a nan ya taɓa ganin wuri, ko a jikin ƙwarya ko a wuyan jariri. Da shi kakanninmu suka sayi gero, da shi suka biya sadaki. Amma wuri ba ɗan ƙasar nan ba ne. Daga tsibiran Maldib ya fito, can cikin tekun Indiya, kuma matafiyi ne ya bar mana shaida. Ibn Battuta ya yi alƙalanci a birnin Delhi, ya sake yi a Maldib, inda ya ga ana tsamo wuri daga ruwa ana zuba shi a rami har namansa ya ruɓe. Bayan shekaru sai ga wurin nan a Gawo, guda 1,150 a kan dinari ɗaya. A 1353 ya sauka Takadda, ya rubuta cewa ana kai jan ƙarfen garin har Gobir. Ku duba fa, mutum guda, da ƙafafunsa, ya haɗa Indiya da ƙasarmu cikin littafi ɗaya!

A watan Janairun 1851 kuma wani matafiyin, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya zauna a Tasawa ana ƙirga wuri biyar-biyar, sannan ya ratsa garin nan namu zuwa Katsina. Abokin tafiyarsa Overweg kuwa ya nufi Maradi da Gobir.

Ina girmama littattafan waɗannan matafiya, na kuma koyar da su. Sai dai baƙo raɓa ne. Kwanaki kaɗan Barth ya yi a Gazawa. Bai zauna da matan da ke kaɗi ba, bai ji abin da ake faɗa bayan ya juya baya ba. Wannan rabin labarin yana bakin tsofaffinmu, a Agye, a Tibiri, a Gidan Rumji, kuma kullum suna raguwa.

Saboda haka, ƴaƴana, kafin hutun nan ya ƙare kowannenku ya ɗauki littafi da biro ya zauna gaban kakarsa. Ku tambaye ta nawa ne sadakin uwarta, wace hanya fatake ke bi, yaushe aka daina karɓar wuri a kasuwa. Ku rubuta da Hausa, ku sa rana da sunan gari, ku kawo mana a ajiye a makarantar nan.

Allah ya yi muku albarka.