Abincin 'Yan Makaranta

Yau maganarmu a kan abincin 'yan makaranta ce, watau abin da yaro zai ci kafin ya tafi, da wanda a ke ba shi a can, da wanda zai tarar in ya komo gida. Maganar ta shafi masu gida da matansu, ta kuma shafi malamai da masu dafa wa yara abinci. Saboda haka ku kasa kunne, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Karatu kuwa aiki ne, ko da ya ke ba a ganin gumi. Ƙwaƙwalwa ba ta da girma, amma akwai ta da ci. A jikin babban mutum ita kaɗai ta kan cinye wajen kashi 1 cikin 5 na ƙarfin da abinci ke bayarwa, a jikin ƙaramin yaro kuwa rabonta ya fi haka nesa. To, ku dubi yaron da ya ci tuwo bayan magariba, ya kwana, gari ya waye ya kama hanyar makaranta ba ko kurɓin koko. Kafin ƙarfe 10 na safe ya yi wajen awa 15 bai sa kome a cikinsa ba. Malam na bayani, shi yana hamma. A tambaye shi, ya yi zuru. Sai a ce daƙiƙi ne, har a kai shi ga bulala, alhali kuwa yunwa ce ke cinsa.

Tukunyar makaranta

Wannan shi ya sa ƙasashe da yawa su ke ciyad da yara a makaranta. A Indiya, cikin 2001, Kotun Ƙoli ta ba da umurni a riƙa ba 'yan firamare na gwamnati dafaffen abinci da rana. A Birazil, cikin 2009, aka yi doka cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin abincin makaranta a kashe shi wajen ƙananan manoma. Gana ta soma nata shirin a 2005.

A nan Nijeriya ma an gwada a wasu jihohi a 2005. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta sake kafa shirin, aka ce ko wane yaro daga aji 1 zuwa aji 3 na firamare a ba shi abinci sau ɗaya ko wace ranar makaranta, aka yanka Naira 70 a kan ko wane kwano. Dabarar kuwa ita ce a ɗauki matan gari su dafa, a sayi hatsi da wake da ƙwai daga manoman wurin, don kuɗin ya tsaya a gida. Inda abin ya tafi daidai, yara sun ƙaru a aji, fashin makaranta ya ragu. A watan Janairu na 2024 aka dakatad da shirin tare da waɗansu shirye-shiryen tallafi na Gwamnatin Tarayya.

Kun ga ke nan tukunyar makaranta yau tana bisa wuta, gobe murhu ya huce. Ko ma ba ta taɓa sauka ba, ku zo mu yi lissafi. Yaron da ke cin abinci sau 3 a yini, a shekara ya ci sau 1,095. Kwanakin makaranta kuwa, in an fid da Asabar da Lahadi da hutu, ba su wuce 200 ba. Ashe abin da makaranta za ta ba shi bai kai ci 1 cikin 5 ba. Sauran duka daga tukunyar gida za su fito.

To, ga inda waɗansu iyaye ke kuskure. Da an ce ana ba da abinci a makaranta, sai uwa ta daina ba yaro karin kumallo, ta ce ai zai ci a can. In ya komo kuma a ce ai ka ci naka, bar wa ƙannenka. Yaron nan bai ƙaru da kome ba, an ba shi da hannun dama an karɓe da hagu. Abincin makaranta ƙari ne a kan na gida. Kada ku rage wa yaro ko loma ɗaya saboda shi.

Abinci iri uku

Cika ciki daban, ƙoshin jiki daban. Jikin yaro yana bukatar abinci iri uku, kuma duka akwai su a gonakinmu da kasuwanninmu.

Na fari, abinci mai ba da ƙarfi. Su ne gero da dawa da masara da shinkafa da rogo da doya da dankali, da kuma mai. Wannan kam ba mu cika rasa shi ba, shi ne tuwonmu da kununmu.

Na biyu, abinci mai gina jiki. Su ne wake da gyaɗa da waken soya da nono da ƙwai da kifi da nama. Yaro gini ne da ba a gama ba, kullum ana ɗora masa tubali. In babu irin wannan abinci sai ya tsumbure. Binciken lafiya da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna yara 37 cikin ko wane 100 na 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a jihohin arewa maso yamma kuwa sun fi rabi. Da irin wannan jiki yara da yawa ke shiga aji 1.

Na uku, abinci mai kare jiki daga cuta. Su ne ganyaye irin su zogale da alayyafo da rama da yakuwa da kuka, da kabewa da karas da tumatir da manja, da 'ya'yan itace kamar mangwaro da gwanda da gwaiba da lemo.

Wani zai ce, “Ai wannan maganar masu kuɗi ce, mu ina muka ga nama?” To, ba lalle sai da nama ba. In aka haɗa hatsi da wake, ko hatsi da gyaɗa, abin da ɗaya ya rasa ɗayan ya cika. Koko da ƙosai, shinkafa da wake, ɗanwake, kunun gyaɗa, fura da nono, faten tsaki da wake da ganye, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, duka abinci ne na kirki, kakanninmu ba su haɗa su a banza ba. In babu ko ɗaya, ɗumamen tuwon jiya da miyar kuka mai daddawa ya fi fita da ciki wayam.

Akwai masu cewa in yaro ya ci ƙwai zai tashi ɓarawo. Wannan magana ba ta da tushe ko kaɗan. Dafaffen ƙwai yana cikin mafi kyawun abin da za ka ba yaro. Da damina, sa'ad da zabi ke zuba, ku ware wa yara nasu kafin a kai kasuwa. Ku masu gida kuma, in an sami nama ko kifi, kada tsoka ta ƙare a kwanonku a bar yara da romo. Kai ka gama girma, su ne ke bisa hanya.

Sai kuɗin tara. Yaro in an danƙa masa kuɗi, galibi alawa da cingam da lemon kwalba zai nufa. Waɗannan zaƙi ne kawai, su kashe masa sha'awar abinci, su ɓata masa haƙora. Gara uwa ta ƙulla masa dafaffiyar gyaɗa, ko awara, ko dafaffen dankali, ko ƙosai, da gorar ruwa mai tsabta. Wanda kuma ya kai ɗansa karatun allo wani gari, ya sani cikin yaron yana wuyansa, ya shirya yadda zai ci kafin ya juyo.

Abin da za ku duba a jikin yaro

Akwai cututtuka da rashin abinci mai kyau ke kawowa a ɓoye, ba zazzaɓi, ba kwanciya. Ɗaya ita ce ƙarancin jini. Ku ja fatar idon yaro ta ƙasa ku duba, ku dubi tafin hannunsa. In kun ga fari fat, yana kuwa saurin gajiya da haki, ku kawo shi ɗakin shan magani. Jini yana bukatar sinadarin ƙarfe, ana samunsa a hanta da nama da kifi da wake da ganye. Lemo ko gwaiba bayan cin abinci su kan taimaki jiki ya tsotse shi, ruwan shayi kuwa in an sha tare da abinci ya kan hana. 'Yan mata da suka fara al'ada suna bukatarsa ƙwarai, don haka kada yarinya ta zama ita ce ta ƙarshe wajen ci.

Ta biyu dundumi, watau yaro ya riƙa lalube da tuntuɓe da zarar rana ta faɗi. Rashin bitamin A ke kawo shi, in an yi sakaci ya kan kai ga makanta. Maganinsa na cikin manja da karas da mangwaro da gwanda da kabewa da hanta da ganye. Amma wanda ya riga ya kamu, a kai shi asibiti ba da ɓata lokaci ba.

Ta uku maƙoƙo, wanda rashin aidin ke kawowa. Rashin nan ba wuya kaɗai ya ke kumburawa ba, ya kan dushe basirar yaro. Tun 1993 doka ta ce a sa aidin cikin gishirin ci a Nijeriya. Ku sayi na ƙunshe wanda aka rubuta yana da aidin, ku ajiye shi a rufe, nesa da rana da danshi.

Sai kuma tsutsar ciki, wadda ke raba abinci da yaro, wata ma jininsa ta ke sha. Wata ta baki ta ke shiga, da ƙazamin hannu da abinci, wata ta tafin ƙafa. Yara su sa takalmi, su yi bayan gida a masai, su wanke hannu da sabulu. In ma'aikatan lafiya sun zo makaranta rabon maganin tsutsa ko na tsargiya, ku bar 'ya'yanku su sha, ku kuma tabbata sun ci abinci tukuna.

Ga masu dafawa da malamai

Ke mai dafa wa yara abinci, tukunyarki ɗaya tana iya ƙosad da yara 100, tana kuma iya kwantad da su duka rana ɗaya. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa abinci, da bayan kin fito bayan gida. Ranar da ki ke zawo ko amai, ko kina da gyambo a hannu, ki ba wata ta dafa. Ki tsince gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna ki zubar, gama suna da dafi mai lalata hanta, wuta kuwa ba ta kashe shi. Abinci ya dahu sosai, a rufe shi saboda ƙuda, a raba da zafinsa. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba bisa wuta ba.

Ku malamai, ku sa a ajiye ruwa da sabulu inda yara za su wanke hannu kafin a raba. In da hali a raba da hantsi, don ya yi musu amfani cikin aji. In makaranta na da fili da ruwa, a dasa zogale, a shuka alayyafo da kabewa, yara su koyi aikin da hannunsu.

Ku iyaye kuma, abincin nan haƙƙin 'ya'yanku ne, ba alfarma a ke yi muku ba. Ku zaɓi mutum biyu ko uku daga cikinku, maza da mata, su riƙa leƙawa lokacin rabo. Su ga abin da aka dafa, su ga girman ludayi, su ga ko ya kai ga kowa. In sun ga ba daidai ba, su gaya wa hedimasta, in bai gyaru ba su kai ga ofishin ilmi na ƙaramar hukuma. Ku kuma ja kunnen yara kada su ci su sulale, don karatu a ke ba su.

To, jama'a, gobe da safe kafin yaro ya ɗauki jaka, a tambaye shi, “Ka karya?” In bai karya ba, a zaunad da shi ya ci ko ɗumame ne. Wanda ke da tambaya ya sami malamin asibiti na garinsu, zai yi masa bayani. Sai wani mako in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.