Yadda ake tuƙa mota a duniyar Mars daga nan ƙasa

Ƴan uwa matasa, maza da mata, na gode da kuka baro fada da shayi kuka zo. Na san akwai mai cewa a ransa: da tsadar rayuwar nan da rashin aikin yi, me ya haɗa mu da duniyar Mars? Ku ba ni ɗan lokaci, zan zo wurin.

Bari mu fara da tambaya mai sauƙi. Yaya mutum yake zaune a Pasadena, cikin jihar Kaliforniya ta Amurka, ya tuƙa motar da take wata duniya?

Yawancinmu muna ɗauka sitiyari ne a hannunsa, yana kallon allo kamar mai wasa a waya. Ba haka ba ne, kuma nisa ne ya hana. Tsakaninmu da Mars yakan sauko kusan kilomita miliyan 56 idan ta matso, ya kai kusan miliyan 400 idan ta yi nisa. Saƙon rediyo gudun haske yake yi, amma duk da haka sai ya ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya isa. Ku ɗauka kuna tuƙi daga Maradi zuwa Damagaram, ramin da ke gabanku sai bayan minti 20 za ku gan shi, in kun taka birki kuma sai bayan wasu minti 20 zai kama. Ai kafin nan an daɗe da faɗawa. Tarayyar Sobiyet ta tuƙa motarta Lunokhod a kan wata a 1970 kusan kai tsaye, don jinkirin can ƴan daƙiƙoƙi ne. A Mars wannan ba ya yiwuwa.

To, yaya suke yi? Rubutu suke yi. Idan motar ta gama aikin yini, sai ta ɗauki hotunan abin da ke kewaye da ita, ta miƙa wa tauraron ɗan Adam da ke zagaya Mars, shi kuma ya turo wa manyan eriyoyi da ke wurare uku: Goldstone a Amurka, kusa da Madrid a Spain, da kusa da Canberra a Ostareliya. An raba su haka don duk yadda ƙasa ta juya, a samu wadda take fuskantar can. Direbobin sai su sa tabarau na musamman su kalli wurin da tudunsa da kwarinsa, su auna tsawon kowane dutse da gangaren kowane tudu, su gwada hanyar a cikin kwamfuta. Masana duwatsu su ce ga inda suke so a je, injiniyoyi su ce batir ba zai kai ba, ko wurin yana da haɗari. A yi ta ja-in-ja har a daidaita. Sannan a rubuta umarnin yini guda: yi gaba mita kaza, juya dama kaza, tsaya, ɗauki hoto. Wani ya rubuta, wani daban ya bi layi-layi ya duba, sannan a aika. Sai gobe a ga abin da ya faru.

Kuma goben ma ba irin tamu ba ce. Yinin Mars awa 24 ne da minti 39 da ƴan daƙiƙoƙi. A watanni ukun farko bayan saukar mota, ma'aikatan agogon Mars suke bi, kullum su shiga aiki kusan minti 40 bayan lokacin jiya. Bayan kamar kwana 18, darensu ya zama rana. Duk wata 26 kuma rana takan shiga tsakaninmu da Mars, a yi kusan sati biyu ba a aika umarni, don kada saƙo ya lalace a hanya motar ta yi abin da ba a sa ta ba.

Gudun fa? Curiosity, wadda ta sauka a 2012, nauyinta kusan kilo 900, iyakar gudunta bai wuce mita 150 a awa ba. Tsohuwa mai sanda za ta wuce ta. Perseverance da ta sauka a Fabrairun 2021 tana iya duba hanya da kanta ta kauce wa duwatsu, har takan yi fiye da mita 300 a yini. Amma sannu ba ta hana zuwa. Opportunity, da aka yi wa lissafin kwana 90 a 2004, ta yi shekara 14 tana aiki, ta ci fiye da kilomita 45.

Abokan gabarsu kuwa mun san su sarai: rairayi da ƙura. A 2005 Opportunity ta kafe a tudun rairayi, sai da aka yi kusan sati biyar ana fitar da ita kaɗan-kaɗan, bayan an gwada dabaru da irin motar a cikin rairayin da aka haɗa a ɗakin gwaji. Ƴar uwarta Spirit, tayarta ta gaba ta daina juyawa a 2006. Direbobin suka koma tafiya da baya suna jan tayar. Jan nan ne ya tone wata farar ƙasa a 2007, wadda ta nuna alamar an taɓa yin ruwan zafi a wurin. A 2009 ta kafe, ba ta sake fita ba. Ita kuma Opportunity guguwar ƙura ce ta rufe mata rana a 2018, allon solarta ya daina samun haske. Duk mai sola a kan rufin gidansu ya san abin da hunturu yake yi masa, sai dai can babu yaron da za a aika ya goge.

Yanzu ku tambaye ni: ina na san duk wannan? Su da kansu suke faɗa. Dokar da ta kafa hukumar NASA a 1958 ta ɗora mata nauyin yaɗa bayanin ayyukanta da sakamakonsu ga jama'a. Direbobi irin su Scott Maxwell da Vandi Verma, wadda haifaffiyar Indiya ce, sun sha tsayawa gaban mutane suna bayanin aikinsu. Hotunan da motocin suke turowa ana zuba su a intanet, kowa ya gani kyauta. Sunayen motocin ma ƴan makaranta ne suka raɗa ta hanyar gasar rubutu. Perseverance kaɗai ta ci fiye da dala miliyar 2 daga harajin jama'a, don haka mai biya yana da haƙƙin a zo a yi masa bayani da harshen da yake ji, har da labarin ranar da mota ta kafe. Kuma a cikin irin wannan zama ne yarinya ƴar shekara 12 take gane cewa wannan ma aiki ne da mutum yake yi.

Kada wani ya ce abin na Turawa ne. Cheick Modibo Diarra, haifaffen Nioro ta Sahel a Mali, ya yi aiki a wannan cibiya ta Pasadena, yana cikin waɗanda suka yi aikin Pathfinder da ta kai ƙaramar mota Sojourner a 1997, ya kuma jagoranci sashen wayar da kan jama'a na shirin Mars. Daga baya ya zama firaministan Mali a 2012.

Ga kuma abin da ya haɗa mu kai tsaye. Perseverance tana can tana haƙa duwatsu tana adanawa cikin ƴan bututu, har yau ba a dawo da ko ɗaya ba. Dutsen Mars da ke hannun ɗan Adam shi ne wanda ya faɗo da kansa. Mafi girmansu da aka sani a jihar Agadez aka tsince shi, a Nuwamban 2023, nauyinsa ya haura kilo 24. A Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a New York kan dala miliyan 5.3, kusan miliyar 3 na sefa. Yawancinmu sai bayan an sayar muka ji labari, gwamnati ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami. Da muna da matasa masu yawa da suka san mene ne wannan dutse, da ɗakin gwajin da zai auna shi, da wurin da ƴan lakwal za su je su gan shi da idonsu, da maganar ta bambanta.

Don haka roƙona uku ne. Ga malamanmu na jami'o'in Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa: ku fito daga aji, ko sau ɗaya a wata, ku yi wa jama'a bayanin abin da kuke bincike da Hausa, da Zabarmanci, da Tamashek. Jami'ar Yamai sunan Abdou Moumouni take ɗauke da shi, masanin makamashin rana, amma mutum nawa ne a nan za su iya faɗin abin da ya yi? Ga ɗalibai: wanda ya gane darasi ya sauko da shi fada. Ga kowa kuma, daren yau a rage kallon bidiyon barkwanci, a nemi hotunan Perseverance a intanet, a nuna wa ƙanne, musamman mata. In sun yi tambayar da ba ku da amsarta, ku rubuto ta a shafinmu, mu nemo amsar tare mu kawo a zama na gaba.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da na baya.