Jawabin Shugabar Mata ta Mazaɓar Sheshe Kan Ciwon Gaɓɓai

Iyayena mata, yayyena da ƙannena na wannan jam'iyya tamu. Yau ba maganar taro ko rabon kati ce ta kawo ni ba. Maganar hannuwanmu da gwiwoyinmu ce, kuma ina roƙo a karanta wa wadda ba ta da waya.

Duk ciwon da ya kama gaɓa, mu a nan cikin gari sunansa ɗaya, sanyi. To likitoci sun ce ba iri ɗaya ba ne. Akwai na goguwar gaɓa, wanda shekaru da ƙiba da aikin wahala ke kawowa, ya fi kama gwiwa da ƙugu. Akwai kuma wanda suke kira rumatoyid, shi nake so mu tsaya a kansa, domin ba ya jiran tsufa. Mace mai shekara 30 da goyo a baya yana kama ta.

Duk wadda ta taɓa gyara ƙafar sa ta san cikin gaɓa. In mahauci ya sara, za ki ga farin guringuntsi mai santsi a bakin ƙashi, da wani ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa. Wannan ruwan wani siririn tantani ne ke yin sa, wanda ya lulluɓe gaɓar ta ciki. Mu ma haka Allah Ya yi mana. Ƙwayoyin halittar tantanin iri biyu ne: wasu aikinsu share dattin cikin gaɓa, wasu kuma su ke samar da yauƙin da ke sa ƙashi ya motsa ba ya gugar ɗan'uwansa, ta cikin ruwan nan ne ma guringuntsi ke samun abincinsa. A mai lafiya kaurin fuskar tantanin bai wuce jerin ƙwaya biyu zuwa uku ba.

A ciwon rumatoyid garkuwar jiki ce ke rikicewa ta afka wa wannan tantanin. Sai ƙwayoyin nan su yi ta hayayyafa, tantanin ya yi kauri ya kumbura, ruwa ya taru, gaɓa ta yi zafi. Abin tsoron ma ba kumburin ba ne. Ƙwayoyin da a da suke shafa wa gaɓa mai, su ne ke juyewa su hau kan guringuntsi suna fitar da sinadaran da ke narkar da shi, har su tayar da masu cin ƙashin kansa. Kamar gara a azara, daga waje ɗaki lafiya lau, ciki kuwa ana ci. Kuma guringuntsin da aka cinye ba ya tsirowa. Yatsun da kuke gani sun karkace a hannun wasu iyayenmu, ba a dare ɗaya suka karkace ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da wannan ciwon, kuma kusan kashi 70 cikin 100 mata ne. Kun ga ashe namu ne. Sau da yawa yakan lafa in mace na da ciki, ya taso bayan haihuwa, sai a ce ai wankan jego ne bai yi ba, a ƙara mata ruwan zafi a ɗora wa uwarta laifi. Haba jama'a!

Ga yadda za ki gane shi. Ya fi fara wa ƙananan gaɓɓai, yatsun hannu, wuyan hannu, yatsun ƙafa, kuma dama da hagu tare. Ki tashi da asuba hannu ya sandare, buɗe buta ya gagara, ya ɗauki kusan awa guda kafin ya saki. Zobe ya matse. Ga gajiya ba dalili. In haka ta kai makonni, ba na kemis ba ne.

A nan muke cutar kanmu. Mu aiki yaro ya sayo haɗin maganin sanyi a ƙulle a leda, ba suna ba kwali. Zafi ya lafa, mu ce alhamdulillahi, tantanin kuwa yana can yana aikinsa. Yawancin maganin kashe zafi ba ya tsayar da cin gaɓar, in an daɗe ana sha ma ya taɓa ciki da ƙoda. Ita kuwa deksa da wasu ke sha ba da izinin likita ba, tana kumbura fuska, ta tayar da suga da hawan jini, ta raunana ƙashi. Ƙaho da tsaga a fata suke tsayawa. Mai ɗori gwanin karaya ne, wannan kuwa ba karaya ba ce.

Akwai magungunan da ke danne tantanin kansa, kamar metotireksit, kuma sun fi amfani in an fara su a watannin farko, tun gaɓa ba ta lalace ba. Amma a ji ni da kyau: likita ne ke rubuta shi, sau ɗaya a mako ake sha ba kullum ba, ana bin sa da gwajin jini, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa. Yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, kada a watsar. Allah Ya ba mu asibitoci a kusa: ga na Murtala, ga na Malam Aminu Kano, ga Asibitin Ƙashi na Dala da ke aiki tun 1959. Je ki, ki ce a duba ki a yi miki gwajin jini, in na ƙwararre ne a tura ki.

Na san tambayar, kuɗin fa? Nan ne siyasarmu za ta yi rana. Mai kitso, mai ɗinkin hula, mai murza taliya, jarinta yatsunta ne. Da babban yatsan nan muke dangwala ƙuri'a, to muna da bakin magana. Kowace shugabar akwati ta zaga lungunta a makon nan, ta rubuto min matan da hannunsu ke kumbura ko sandarewa da safe, da izininsu, kuma a turo min ni kaɗai, kada a zuba sunan kowa a wannan zaure. Da wannan takardar za mu je wajen kansilanmu da shugaban ƙaramar hukumar Birni, mu nemi a sa marasa ƙarfi cikin shirin taimakekeniyar lafiya na jiha, KSCHMA.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.