Wasiƙar Washington Daga Valley Forge

A ranar 23 ga Disamba, 1777, sa'ad da Turawan Ingila suka mamaye Filadelfiya, rundunar Amurka kuwa ta yada zango a Valley Forge cikin tsananin hunturu, Janar George Washington ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa Henry Laurens, shugaban Majalisar Amurka, cewa muddin ba a kawo guzuri ba, lalle sojojinsa za su halaka da yunwa ko su watse. Abin da ya fi burge ni shi ne, jarumin da takobi ke hannunsa bai yi kwaɗayin mulki ba, sai ya kai kukansa ga wakilan al'umma, da zafin harshe amma bisa amana. Haƙiƙa wasiƙar nan ta cancanci ɗalibanmu su nazarce ta.