Bin Sawun Manhaja ta Hanyar Uban Aji

 Batun da aka ɗora mana shi ne yadda mai rubuta manhaja zai san abin da manhajarsa take aikatawa sa'ad da take gudana, da yadda zai haɗa wannan sani da ainihin lokacin da ake ƙirƙirar abubuwa a cikinta. Makamin da za mu duba shi ne wanda masana suke kira metakilas, mu kuwa za mu kira shi uban aji.

Tukuna dai, bari mu ga abin da ya sa batun ya shafe mu. A ce an ba ɗayanmu aikin rubuta manhajar karɓar kuɗin makaranta. Ran nan sai wani ɗalibi ya biya kuɗi sau ɗaya, amma rasit biyu suka fito da sunansa, lissafin ma'aji ya ƙi daidaita. Lalle za a tambayi wanda ya rubuta manhajar: wane sashe ne ya ƙirƙiri rasit na biyu, yaushe, kuma da umarnin wa? Idan ba shi da amsa, to mutuncinsa da na akawun da yake riƙe da littafi suna cikin haɗari. Abin da yawancinmu muka saba shi ne mu bi manhajar muna cusa layukan da za su buga saƙo a allo. To, idan tana da azuzuwa 60, kowane da ayyuka 10, wurare 600 ke nan. Idan za a rubuta shiga da fita, layuka 1,200. Wanda aka manta da shi kuwa, sau da yawa a nan ɓarnar take. Bayan an gama kuma sai a koma a bi su ɗaya bayan ɗaya a share. Wannan wahala ce ta sa masana suka nemi wuri guda da za a tsaya a ga kome.

Kafin mu kai ga wurin nan, wajibi ne mu tuna ma'anar aji da abu. Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, mutanen ƙasar Norwe, su ne suka shigo da wannan tsari a harshen Simula 67. Aji shi ne bayanin siffa da ayyuka, abu kuwa shi ne ɗaya daga cikin waɗanda aka fitar bisa wannan bayani. Aji kamar akwatin buga bulo yake, abubuwa su ne bulon da ake bugawa da shi. Sai dai akwatin nan ma wani maƙeri ne ya ƙera shi. Idan maƙerin ya zana alama a cikin kowane akwati da ya fita daga maƙerarsa, duk bulon da aka buga da su zai fito da alamar, ba tare da magini ya ɗaga yatsa ba. Uban aji shi ne maƙerin nan, watau ajin da abubuwansa su kansu azuzuwa ne.

Wannan tunani ya yi ƙarfi ne a cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Palo Alto a Kalifoniya, inda Alan Kay da Dan Ingalls da Adele Goldberg da abokan aikinsu suka gina harshen Smalltalk. Ƙa'idarsu ita ce kome abu ne, kuma kowane abu yana da aji. Tun da haka ne, aji ma abu ne, dole ke nan ya sami nasa ajin. A Smalltalk-80 an ba kowane aji ubansa na kansa, kuma saƙon da ake aika wa aji don ya haifi sabon abu, a wurin uban ne ake samun amsarsa. A 1987 Pierre Cointe na Faransa ya nuna, da tsarinsa mai suna ObjVlisp, cewa mai rubuta manhaja yana iya rubuta uban aji da hannunsa kamar kowane aji. Sa'an nan a 1991 Gregor Kiczales da Jim des Rivières da Daniel Bobrow suka fitar da littafi a kan yadda ake buɗe cikin tsarin CLOS na harshen Lisp ga mai amfani da shi.

Haɗa uban aji da bin sawu kuwa ya fito fili a tsarin SOM na kamfanin IBM, wanda aka yi amfani da shi a OS/2. A cikinsa akwai uban aji da yake sa a gudanar da wani aiki kafin kowane kira da kuma bayansa, akwai kuma wani mai suna SOMMTraced da aka gina a kansa musamman don bin sawu. Biyu daga cikin masu wannan aiki, Ira Forman da Scott Danforth, sun rubuta littafi a kan iyayen azuzuwa, kuma Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro Python, ya bayyana cewa littafin ya yi tasiri a kan sabon tsarin azuzuwa da ya shigo da shi a Python 2.2 a 2001. Da yake Python ne yawancinmu muke karantawa, da shi za mu yi misali.

A Python uban kowane aji, idan ba a ambaci wani ba, shi ne type. Idan aka tambayi wane ne uban type, amsar ita ce type ɗin kansa. A nan silsilar ta tsaya. Uban aji yana da ƙofofi biyu da suka shafi batunmu. Ta farko ita ce lokacin da ake ƙera ajin. Idan Python ya gama karanta jikin aji, sai ya miƙa wa uban abu uku: sunan ajin, da azuzuwan da ya gada, da jerin ayyukan da aka rubuta masa. A nan uban yana da damar ya ɗauki kowane aiki ya naɗe shi cikin wani ƙaramin aiki da zai rubuta sunansa da abin da aka ba shi kafin ya gudana, ya kuma rubuta abin da ya mayar bayan ya ƙare. Layuka 1,200 ɗin nan sun koma wuri guda ke nan.

Ƙofa ta biyu ita ce lokacin da ake ƙirƙirar abu. Idan muka kira aji don ya ba mu sabon rasit, kiran yana fara biyawa ne ta aikin __call__ na uban ajin, shi kuma ya kira __new__ don a samar da abun, sa'an nan ya kira __init__ don a cika shi. Saboda haka wanda ya tsaya a wannan ƙofa zai ga haihuwar abu tun daga farkonta. Ga yadda ake rubuta shi, bisa salon da Python 3.0 ya shigo da shi a 2008:

class MaiSawu(type):
    def __call__(aji, *a, **k):
        abu = super().__call__(*a, **k)
        print("an ƙirƙiri", aji.__name__)
        return abu

class Rasit(metaclass=MaiSawu):
    pass

Daga nan duk sa'ad da aka kira Rasit, za a ga saƙo a allo. Idan aka ƙara masa lokaci, da lambar abun, da sunan sashen da ya yi kiran, to an sami amsar tambayoyin ma'aji. Alfanun haɗa ƙofofin biyu shi ne lambar da aka ba abu ranar haihuwarsa ita ce za ta riƙa bayyana a kowane layi na ayyukansa, ta yadda mai bincike zai bi rasit guda daga farko har ƙarshe, kamar yadda mai bin sawu yake ware sawun dabba ɗaya a cikin na garke. Daɗin daɗawa, uban aji ana gadonsa. Duk ajin da wani ya rubuta daga baya ya gaji Rasit, ko da bai taɓa jin labarin MaiSawu ba, zai shiga cikin lissafi.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu, kuma akwai abubuwa biyar da ya kamata mu kiyaye. Na ɗaya, ba kowane abu yake shigowa ta ƙofa ta biyu ba. Abin da aka kwafa da copy, ko aka farfaɗo da shi daga ajiya da pickle, bisa al'ada ba ya biyawa ta __call__ na uban aji. Idan rasit na biyu kwafi ne, tarkon da muka rubuta a sama ba zai kama shi ba, sai an ɗana wani a __new__ na ajin. Na biyu, idan littafin sawu ya riƙe abubuwan da kansu, Python ba zai share su daga ma'adanar kwamfuta ba, gama yana ganin har yanzu akwai mai bukatarsu. A hankali sai ma'adanar ta cika, maganin ya zama cuta. Mafita ita ce a riƙe lambarsu kawai, ko a yi amfani da weakref, wanda yake nuna abu ba tare da ya hana a share shi ba.

Na uku, kowane naɗi yana ƙara wa kira lokaci, aikin da ake kira sau miliyan kuwa zai ji nauyin, don haka ya kyautu a sa maɓallin kunnawa da kashewa. Na huɗu, idan aji ya gaji iyaye biyu masu uban aji daban, kuma babu wanda ya gaji ɗan'uwansa, Python zai ƙi ƙera ajin. Wannan yakan faru ga mai aiki da Django, ko ABCMeta, ko Enum, domin kowannensu yana da nasa uban ajin. Maganinsa shi ne a rubuta sabon uba da ya gaji duka biyun. Na biyar, wanda ya fi sauran nauyi, amana ce. Mai bin sawun da yake rubuta duk abin da aka miƙa wa aiki zai rubuta kalmar sirri da lambar asusun ɗalibi ma, a cikin fayil ɗin da mutane da yawa suke iya buɗewa. Tilas ne a tace irin waɗannan tun kafin su kai ga littafin.

Har ila yau, ya kamata mu san cewa akwai hanyoyi masu sauƙi da suke biyan wani ɓangare na bukatar. Tun 2008 Python yana da abin da ake ɗora wa aji a kansa ya gyara shi bayan an ƙera shi, sai dai wannan ba a sake gudanar da shi ga magada. Python 3.6 na 2016 ya kawo __init_subclass__, wanda yake ba aji damar duba duk wanda ya gaje shi ba tare da an rubuta uban aji ba. Akwai kuma sys.settrace mai ganin kowane layi da kowane kira, amma yana da nauyi ƙwarai, abin da ya sa Python 3.12 na 2023 ya zo da sys.monitoring mai sauƙin nauyi. A wajen Python, Kiczales da abokansa sun fitar da AspectJ ga harshen Java a 2001, kuma bin sawu yana cikin misalan da aka fi koyar da shi da su.

Shawararmu ga 'yan'uwa masu shirin aikin shekarar ƙarshe ita ce su fara da hanya mafi sauƙi. Idan bukatar ta zama a ga haihuwar abubuwan wani dangin azuzuwa, a kuma bi ayyukansu da lamba guda, har da na magadan da ba a rubuta ba tukuna, to nan ne uban aji ya cancanci wahalarsa. Wanda ya rubuta shi kuma ya bar bayani a rubuce a kan ajin, domin wanda zai gaji aikin ya san daga ina saƙonnin suke fitowa.

Shugaba, a nan za mu dakata don mu ba masu tambaya dama.