Robar Wuyan Bawul da Hayaƙin Safiya



An ce in yi magana a kan gyaran kan injin, wanda a gareji muke kira tof silinda. Sai na zaɓi mafi ƙanƙantar abin da ke cikinsa: 'yar robar nan da ba ta fi kan yatsa ba, wadda ke zaune a wuyan kowane bawul. Injin mai silinda huɗu da bawul 16, irin na yawancin Corolla da ke titunanmu, guda 16 yake ɗauka.

Ɗalibai kan zaci aikinta shi ne ta hana baƙin mai wucewa ɗungum. To, ku yi lissafi. Sandar bawul tana hawa da sauka cikin wani siririn bututu da muke kira gaid, kuma in injin yana juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa sau 25 cikin daƙiƙa ɗaya. Wane ƙarfe ne zai jure wannan guga a bushe? Awo robar take yi: ta bar ɗan damshin mai ya bi sandar, ta share sauran.

In zafi da shekaru suka busar da ita, mai yakan zurara cikin dare ya taru. Da safe a tada mota, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe gida, bayan ɗan lokaci ya ɗauke. Haka ma in an daɗe a cunkoso sannan aka taka totur, ko an saki totur a gangara, domin a lokacin zuƙar da ke ɓangaren shigar iska ta fi ƙarfi. Hayaƙin lalacewar ringin fistan kuwa, in mota ta ɗauki kaya ko tana hawan tudu ya fi tsananta. Sau nawa aka sauke wa bawan Allah injin gaba ɗaya, aka ce ringi ne, alhali ba a ko gwada matsin silinda ba?

Ga inda nake so ku kasa kunne. Bayan an danne sifirin, an cire kota da ke riƙe shi, an zare bawul, kada hannu ya yi saurin kai wa sabuwar roba. A fara girgiza sandar a cikin gaid, in da ma'auni a auna, a gwada da abin da littafin kamfanin ya faɗa. In gaid ya cinye, sandar za ta riƙa lilo tana buɗa bakin robar, ko da ta zinariya ce. Ni kaina ina yaron shago na taɓa tsallake wannan awo. Motar ba ta daɗe ba ta dawo da hayaƙinta, maigidana kuwa bai ce uffan ba, sifana kawai ya miƙo mini.

Irin robar ma abin dubawa ne. Ta nitiril tana fara gazawa a wajen digiri 120, Viton kuwa tana jure kusan 200. Wasu kamfanonin sukan bambanta launin ta bawul ɗin shiga da ta fita, don ɓangaren salansa ya fi zafi. Kada a musanya su. Wanda zai saya a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ya tafi da lambar injin, kada ya dogara da ido.

Wajen sakawa, a shafa mata mai, a rufe tsagin kota da 'yar hular leda da kan zo cikin kwalin, domin kaifin tsagin yana yanka leɓen robar ba tare da an gani ba. A tura ta a miƙe da abin turawarta har ta zauna daram. Guduma da soket, waɗanda na san wasunmu sun saba da su, suna karkatar da ita ko su fizge siririn sifirin da ke zagaye da bakinta. Wadda aka riga aka saka sannan aka cire, a jefar da ita.

Na ga hannaye a baya. Bismillah, Malam, fara da tambayarka.